Guminka Ma Abin Ciniki Ne

Bahaushe zai shafe rabin awa a kara yana ja-in-ja a kan tunkiya. Ya taya, a ce albarka, ya juya kamar zai tafi, a kira shi. Amma ranar da za a ɗauke shi aiki, in aka tambaye shi nawa za a biya shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ya sawwaƙa." Abin da ya sawwaƙa ɗin nan shi zai yi ta karɓa har shekara biyar.

Kawaici ado ne a gidan surukai, a wurin aiki kuwa asara yake jawowa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Wanda albashinsa bai motsa ba a wannan tsakanin, rage masa aka yi ba tare da an faɗa masa ba.

A Yulin 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, daga 30,000 da aka tsayar a 2019. Sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan malamar ƙaramar makarantar kuɗi, da yaron shago, da direban gida, ba su da mai ƙwato musu sai bakinsu.

Babban kuskure shi ne zuwa da koke. "Maigida, an ƙara mana kuɗin haya, ga maiɗakina ta haihu." Zai tausaya, ya zaro dubu biyar ya ce a sayi sabulu, magana ta mutu. Ka yi roƙo, an ba ka sadaka. Abin da ya kamata ka je da shi hujja ce. Malama ta ce, "Malam, an ɗauke ni in koyar da lissafi aji biyu. Tun da malamin kimiyya ya tafi nake haɗawa da nasa, yanzu aji biyar nake shiga, ga sakamakon ɗalibaina." Sannan ta yanke adadi, ta faɗe shi ƙarara. "A ɗan duba ni" ba adadi ba ne. Kafin nan kuma ta riga ta bincika abin da ake biyan irinta a makarantu biyu ko uku na unguwar, don ba a fafe gora ranar tafiya.

In ka faɗi kuɗin, ka yi shiru. Wannan shirun yana da nauyi, na sani, kuma a nan ne da yawa suke yi wa kansu ragi tun ba a nema ba.

Lokaci ma abin lura ne. Mai makaranta a same shi farkon zango, kuɗin makaranta na shigowa. Mai shago bayan cinikin sallah. Ba a gaban jama'a ba, kuma kada a aika ɗan aike.

In maigida ya ce babu hali, ka tambaye shi yaushe za a sake zama, a tsayar da wata. Ko ka nemi kuɗin mota, ko a rage maka aikin da aka jibga maka. Amma kada ka ce za ka ajiye aiki alhali ba ka da inda ka kama. Wani maigidan "Allah ya kiyaye hanya" zai ce, ka saki reshe ka kama ganye.

Duk abin da aka amince, a rubuta. Dokar ƙwadago ma ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. In maigida na ganin takarda rashin yarda ce, to da yamma ka tura masa saƙon godiya ta waya, ka ambaci adadin da watan da zai fara, ka adana amsarsa.