Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Kagoro: Kowane Hutu da Wurin Zuwansa

Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar gida na ɗan lokaci, ya tafi wani wuri domin ya huta, ya ga abin da bai saba gani ba, ya kuma ƙaru da sani. Idan fitar ta yini ɗaya ce, kamar zuwa gidan zu ko bakin kogi, akan kira ta yawon shaƙatawa. Hausawa na cewa, "Tafiya mabuɗin ilimi," suna kuma cewa, "Gani ya kori ji." Ɗalibai da yawa suna zaton irin wannan tafiya sai mai kuɗin shiga jirgin sama, alhali kuwa sau da yawa abin kallo yana nan kusa da gida.

A wannan darasi za mu ɗauki Kagoro da kewayenta, a kudancin Jihar Kaduna, su zame mana misali. Abin lura shi ne kowane wuri yana da lokacin da ya dace a ziyarce shi. Shekarar karatu tana da hutu uku: na Disamba, da na Afrilu, da dogon hutu na damina. Kowannensu yakan faɗo cikin yanayi dabam. Wanda ya san yanayin zai zaɓi wurin da ya dace, ya je lafiya ya dawo lafiya. Wanda bai sani ba yana iya ɓarnatar da kuɗinsa, ko ma ya jefa ransa cikin haɗari.

Ƙasar da yanayinta

Kagoro tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, tafiya kaɗan ce daga Kafanchan. Garin yana gindin wasu manyan duwatsu waɗanda tsayinsu ya haura mita 1,200 daga doron teku. Duwatsun kuwa somin tabi ne na tsaunukan Filato. Da damina, iska mai ɗauke da danshi takan taso daga Tekun Atilantika ta nufo arewa maso gabas. Idan ta ci karo da duwatsun sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa damina a nan takan fara tun watan Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ta Kano tsawo da yawan ruwa. Wannan ruwa ne ya samar da kurmi, da ƙoramu, da magangarun ruwa da baƙi ke zuwa kallo.

Kafanchan kuwa ita ce ƙofar shiga yankin. Ta bunƙasa ne daga 1927, lokacin da ta zama mahaɗar layin dogo: hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu biyu a nan, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta hau Jos. A yau zirga-zirgar jirgin ƙasa ta ragu ƙwarai, mota ce abin dogaron matafiya, amma tsohuwar tashar tana nan, kuma ita kanta abin kallo ce ga mai son tarihi.

Hutun Disamba: hawan dutse da bikin Afan

Hutun Disamba yana zuwa cikin hunturu. Ruwan sama ya ɗauke, duwatsu sun bushe, ba santsi, ciyawa ta kwanta, rana kuma ba ta da zafi sosai. Wannan shi ne lokacin hawan dutsen Kagoro. Akan fara hawa da sassafe, tare da ɗan jagora daga cikin mutanen gari, a ɗauki ruwan sha da rigar sanyi. A bisa dutsen akwai koguna da tsofaffin wuraren zama, domin a can kakannin mutanen Kagoro suka sami mafaka a zamanin yaƙe-yaƙe da hare-haren neman bayi. Ranar da hazo bai yi yawa ba, daga can sama ana hangen garin da gonakinsa shimfiɗe kamar tabarma.

Mutanen Kagoro suna kiran kansu Agworok, kuma a harshensu kalmar "afan" tana nufin dutse. Daga nan bikinsu na shekara-shekara ya sami sunansa. Asalin bikin Afan shi ne nuna ƙarewar girbi da buɗe lokacin farauta. A yanzu ana yin sa ranar 1 ga Janairu a filin fadar sarki, inda maharba ke fitowa da kwari da baka, ƙungiyoyin makaɗa da masu rawa kuma suna wucewa rukuni-rukuni. Bikin ya shahara a zamanin Sarki Gwamna Awan, wanda ya yi mulki daga 1945 zuwa 2008, watau shekara 63. 'Yan ƙasar da ke aiki a Kaduna, da Abuja, da Legas sukan dawo gida saboda shi. Don haka masauki yakan yi wuya, kuɗin mota kuma yakan tashi. Mai niyyar zuwa sai ya yi shiri tun da wuri.

Hutun Afrilu: tarihi da namun daji

Hutun Afrilu yakan zo a ƙarshen bazara, lokacin da zafi ya tsananta kuma ruwan farko ya fara sauka. Hawan dutse da tsakar rana a wannan lokaci wahala ce. Ya fi kyau a nufi wuraren tarihi. Kusa da Kwoi, a Ƙaramar Hukumar Jaba, akwai ƙauyen Nok wanda sunansa ya zaga duniya. A nan ne masu haƙar kuza suka tono wani mutum-mutumin yumɓu a 1928. A 1943 aka sake samun wani kai na yumɓu kusa da Jama'a, har wanda ya same shi ya kafa shi a gonarsa ta doya domin korar tsuntsaye. Da kan ya isa hannun wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg, sai ya lura ya yi kama da wanda aka samu a Nok. Bincike ya nuna waɗannan kayayyaki sun haura shekara 2,000, kuma masu su sun san narka ƙarfe. Akwai ƙaramin gidan tarihi a Nok, wasu kayan kuma suna Gidan Tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952. A daidai lokacin Ista ne kuma al'ummar Ham suke bikinsu na Tuk Ham a Kwoi, don haka ana iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Wannan hutu ya kuma dace da kallon namun daji. A nan ya kamata mu bambanta gidan zu da gandun daji. A gidan zu, dabbobi suna cikin keji ko shinge, mutane ne ke ciyar da su, kuma ana iya ganin su a kowane wata na shekara. A gandun daji kuwa, dabbobi suna sake cikin dajinsu, mutum ne baƙo, ganin su kuma sai an dace. Misali shi ne Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Da rani, idan tafkunan daji suka ƙafe, giwaye da ɓauna da gwanki sukan taru a bakin Kogin Gaji domin shan ruwa, sai ganinsu ya yi sauƙi. Da damina kuwa sukan bazu cikin doguwar ciyawa, mai ziyara ya yini bai ga komai ba sai birai. A Yankari ne kuma maɓuɓɓugar Wikki take, wadda ɗumin ruwanta yake kimanin digiri 31 dare da rana. Tafiya Yankari daga Kagoro tana buƙatar kwana, saboda sai an bi ta Jos da Bauchi.

Dogon hutu: Matsirga da gidan zu

Dogon hutu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, a tsakiyar damina. A lokacin ne Matsirga take cika ta batse. Tana kusa da Madakiya, a gefen Kafanchan, ruwanta kuma daga duwatsun Kagoro yake tasowa, ya faɗo daga tsayin kimanin mita 30. Ku lura da sunan: an gina shi ne daga aikatau "tsirga", watau dira daga sama, kamar yadda aka gina "makaranta" daga "karanta", da "marina" daga "rina". Ke nan matsirga ita ce wurin da ruwa ke tsirgowa. Da marka, tun daga nesa ake jin rugugin ruwan, feshinsa kuma yakan tashi kamar hayaƙi.

Sai dai lokacin da ta fi kyan gani shi ne lokacin da ta fi haɗari. Duwatsun bakin ruwa sukan yi gansakuka, su yi santsi. Haka kuma, ruwan da aka yi a bisa dutse yana iya saukowa ya cika kogi cikin ɗan lokaci, ko da ba a ga ɗigo ɗaya a ƙasa ba. Saboda haka ba a shiga wanka a wannan lokaci, ba a tsayawa a gefen gaɓa domin ɗaukar hoto, ba a kuma barin yara su yi gaba su kaɗai. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Ga iyali masu ƙananan yara, gidan zu ya fi dacewa da wannan hutu. Daga Kagoro zuwa Jos tafiyar kimanin awa biyu ce a mota, ana iya zuwa a dawo a yini guda. A Jos akwai tsohon gidan zu kusa da Gidan Tarihi, akwai kuma babban lambun namun daji da aka kafa a 1972 a zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. A irin waɗannan wurare yaro zai ga kura, da kada, da jimina, da mesa ido da ido, dabbobin da a da sai a tatsuniya yake jin sunansu. Ƙa'idar wurin ita ce kada a miƙa hannu cikin keji, kada a jefi dabba, kada kuma a ba ta abinci sai da izinin ma'aikata.

Tafiya mai nisa

Masu hali sukan wuce duk waɗannan su tafi hutu a tsibiri, watau ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. A Legas akwai bakin ruwan Tarkwa Bay, wanda sai da jirgin ruwa ake isa gare shi. A Sanagal akwai tsibirin Gore, daura da birnin Dakar, inda ake tunawa da cinikin bayi. Ɗan Nijeriya ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Sanagal, saboda yarjejeniyar ƙasashen ECOWAS. A Tanzaniya kuma akwai Zanzibar, tsibirin kanumfari a Tekun Indiya. Su ma waɗannan wurare suna da lokutansu, domin idan teku ta yi fushi da damina, shiga ƙaramin jirgin ruwa ganganci ne.

Shiri da ladabin baƙo

Ko kusa ko nesa, tafiya tana son shiri. A yi kasafin kuɗin mota, da abinci, da kuɗin shiga, a kuma ware wani abu saboda larura. Yankin kudancin Kaduna ya sha fama da tashin hankali a wasu shekaru, don haka wajibi ne a nemi labarin hanya kafin a tashi, a yi tafiya da rana, a kuma sanar da na gida inda aka nufa. Idan ɗalibai ne, sai da izinin iyaye da rakiyar malamai. Idan an isa ƙauye, a fara gai da mai unguwa ko dagaci, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko a shiga wurin da jama'a ke girmamawa.

Akwai kuma hakkin wurin kansa. Kurmin Nindam da ke kusa da Kagoro, wanda masana tsuntsaye ke zuwa dominsa, yana raguwa saboda saran itatuwa da faɗaɗa gonaki. Kayan Nok masu yawa an haƙe su a ɓoye an sayar a ƙasashen waje, kuma duk wanda aka tono ba tare da masana ba, labarinsa ya salwanta. Ledoji da robobin da masu shaƙatawa ke zubarwa a bakin ruwa sukan bi kogi su isa gonakin mutane. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, gobe zai wuce. Abin da ake so gare shi shi ne ya kwashe shararsa, ya sayi citta ko zuma a hannun mutanen gari domin su ma su amfana, ya bar wurin yadda na bayansa za su same shi da kyansa.

Ma'anar wasu kalmomi

Hunturu: lokacin sanyi da hazo.
Bazara: lokacin zafi kafin saukar damina.
Marka: tsakiyar damina, lokacin da ake ruwa ba ƙaƙƙautawa.
Kurmi: daji mai manyan itatuwa da duhuwa.
Kuza: ma'adinin da ake haƙowa a yi gwangwani da shi.
Gansakuka: koren abu mai santsi da ke fitowa a kan jiƙaƙƙen dutse.
Ɗan jagora: wanda ke nuna wa baƙo hanya.

Tambayoyi

1. Me ya sa Kagoro ta fi Kano samun ruwan sama?
2. Mene ne asalin bikin Afan, kuma yaushe ake yin sa?
3. Kawo bambanci biyu tsakanin gidan zu da gandun daji.
4. Don me aka hana wanka a Matsirga da marka?
5. Kawo sunayen wurare uku da aka gina kamar kalmar "matsirga".
6. Zaɓi wani wurin shaƙatawa a yankinku, ka bayyana hutun da ya fi dacewa a ziyarce shi, tare da dalilanka.