Sotigui Kouyaté: Ɗan Gidan Mawaƙan Fada a Dandalin Duniya

A ƙasar Mande, wadda ta haɗa sassan Mali da Gini da Burkina Faso, duk wanda ya ji sunan Kouyaté ya san gidan da ake nufi. Su ne jeli, masu riƙe tarihin sarakuna da baki, masu sulhu tsakanin dangi, masu faɗa wa sarki gaskiya cikin hikima. Suna danganta kansu da Balla Fasséké, jelin Sundiata Keita, wanda ya kafa daular Mali a ƙarni na 13. A wannan gida aka haifi Sotigui Kouyaté, a Bamako, ranar 19 ga Yuli, 1936. Asalin iyayensa Gini ne, amma a Burkina Faso ya tashi, lokacin ana kiranta Upper Volta.

Da ƙwallon ƙafa ya fara yin suna, har ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasar. Sai a 1966, yana ɗan shekara 30, ya shiga wasan daɓe, ya kafa ƙungiyarsa ta 'yan wasa. Daga cikin fina-finansa na farko akwai na Moustapha Alassane, ɗan Nijar, mai suna FVVA, na 1972, wanda ke yi wa masu haɗamar mata da gida da mota da kuɗi shaguɓe.

Ƙofar duniya ta buɗe masa ne ta hannun Peter Brook, Baturen Ingila mai shirya wasanni a gidan wasa na Bouffes du Nord da ke Paris. Brook ya tara 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban don su kawo Mahabharata, tsohon labarin yaƙin 'yan'uwa na Indiya, kan dandali. An fara nuna wasan a 1985 a bikin Avignon, cikin wani tsohon ramin fasa duwatsu, kuma awa tara yake ɗauka. Kouyaté ya fito a matsayin Bhishma, dattijon da ya rantse ba zai yi aure ba, ba zai hau gadon sarauta ba, aka kuma ba shi ikon zaɓen ranar mutuwarsa. Bayan an harbe shi a fagen fama, yana kwance a kan kibau, 'yan'uwan da ke gaba da juna suna zuwa neman shawararsa. Rawa ce da ke buƙatar mutumin da zai riƙe 'yan kallo ba tare da motsi ba, da murya kawai da shiru, kuma wannan shi ne abin da aka koya wa Kouyaté tun yana yaro.

Daga nan shi da Brook suka ɗauki kusan shekara 20 suna aiki tare. A 1990 Brook ya ba shi rawar Prospero a The Tempest na Shakespeare, sannan a 2004 ya fito a matsayin Tierno Bokar, malamin Tijjaniyya na Bandiagara wanda Amadou Hampâté Bâ ya rubuta tarihinsa.

Zaman Turai bai raba shi da gida ba. A 1995 ɗansa Dani Kouyaté ya shirya fim mai suna Keïta, inda uban ya fito a matsayin Djéliba, tsohon jelin da ya baro ƙauye ya sauka a wani gidan 'yan boko a Wagadugu. Ya ɗaura ragar kwanciyarsa a tsakar gida, ya fara ba yaron gidan, Mabo, labarin asalin sunansa. Yaro ya kamu, ya fara ƙauracewa makaranta, rigima ta tashi tsakanin tsoho da malamin boko a kan wane ilimi ne ya fi cancanta da yaron. Fim ɗin bai yanke hukunci ba, ya bar wa mai kallo. A 1997 kuma Kouyaté ya haɗa kai da wasu abokan aiki suka kafa ƙungiyar wasan daɓe ta Mandeka a Bamako.

Fim ɗin da ya fi jawo masa yabo shi ne London River na Rachid Bouchareb. Labarin ya biyo bayan harin bama-bamai na 7 ga Yuli, 2005 a Landan. Ousmane, Musulmi mai aikin gandun daji a Faransa, ya zo neman ɗansa da rabonsa da shi tun yana ƙarami. Wata Baturiya Kirista, wadda Brenda Blethyn ta fito a matsayinta, ita ma tana neman 'yarta. Da ta gan shi, dogo siriri da sanda a hannu, riƙe da hoton da 'yarta ke ciki, sai ta haɗa shi da 'yan sanda. Shi kuwa bai ɗaga murya ba, bai yi gardama ba, har ta gane cewa baƙin ciki ɗaya ke cin su. Wannan rawa ta ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Berlin a 2009.

Ya rasu a Paris ranar 17 ga Afrilu, 2010, yana da shekara 73. 'Ya'yansa sun ci gaba da sana'ar, kowa ta tasa hanya: Dani yana shirya fina-finai, Hassane Kassi kuma yana ba da tatsuniyoyi yana shirya wasannin daɓe.