Likitan Tiyata da Marasa Lafiyar Gezawa

Manomi a Jogana ko Babawa, a yankin Gezawa, yana iya ɗaukar ƙaba shekara da shekaru. Ta fito idan ya ɗaga buhu, ya kwanta ya danna ta ta koma, gobe ya sake fita gona. Ƙaba rauni ne a bangon ciki, inda hanji ke samun kafar leƙowa. Ba ta jin sassaƙe, ba ta jin ƙahon wanzami. Ɗinki take so. Idan an yi shi da wuri, aikin bai cika wuce awa guda ba. Amma ranar da hanjin ya maƙale ya ƙi komawa, jini ya daina isa gare shi, cikin 'yan awoyi sai ya fara mutuwa. A nan dole a buɗe, a yanke abin da ya lalace, a haɗa bakin hanji da hanji.

Wannan aikin likitan tiyata ne na gama-gari. Ciki ne babban fagensa: afendis, toshewar hanji, saifar da hatsarin mota ya fasa, da hanjin da taifot ta huda, wanda ya fi samun yara a inda ruwan sha ba shi da tsabta. Shi ke cire maƙoƙo, shi ke aikin basir da sankarar mama. Karaya kuwa ta Asibitin Ƙashi na Dala ce, fiɗar haihuwa ta likitan mata. A ganina wuƙa ba ita ce mafi wuyar sana'ar ba. Mafi wuya shi ne ya ɗora hannu a kan cikin yaro da tsakar dare ya yanke hukunci: a shiga yanzu, ko a fara ƙarin ruwa da jini har jiki ya iya ɗauka.

Irin wannan hankali ba ya samuwa da sauri. Ɗalibi zai yi shekara 6 a jami'a, kamar ta Bayero, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai shekara guda ta sanin makamar aiki, sai ta bautar ƙasa. Daga nan ne zai ci jarrabawar share fage, ya nemi gurbi a asibitin koyarwa, a Kano ko Shika ko Sakkwato, ya ƙara shekara 5 zuwa 6, sau da yawa fiye da haka. Yana farawa da riƙe wa manya ƙarfen buɗe ciki, ana ba shi ƙananan ayyuka ana tsaye a kansa, ga kwanan asibiti, ga rubuta kundin bincike. Masu yaye shi biyu ne: kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979, da kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda asalinta ya faro a 1960. Kafin a kira shi ƙwararre, shekara 14 ta kusa cika.

Idan ya gama, birni ke riƙe shi: Asibitin Malam, Asibitin Murtala, na Nasarawa, ko na kuɗi. Wasu Saudiyya da Ingila ke ɗauke su. Ba son jin daɗi kawai ba ne. Shi kaɗai ba ya aiki. Sai da mai allurar barci, da ma'aikatan jinya na ɗakin tiyata, da oksijin, da jini a ajiye, da wutar da ba za ta ɗauke ana tsakiyar ɗinki ba. Shi ya sa a yawancin asibitocin ƙananan hukumomi likitan da bai yi wannan dogon horo ba ne ke yin abin da ya iya, sauran ya rubuta takarda ya tura Kano. Irin waɗannan likitoci sun cancanci yabo, kuma sun cancanci ƙwararre ya riƙa zagayo su a kai a kai.

A 2015 wani kwamiti na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba sa samun tiyata mai inganci da za su iya biya, ya kuma sa mizani: mai buƙatar a buɗe masa ciki ya isa inda za a yi cikin awa 2. Daga Gezawa zuwa Kano mota ba ta cin wannan lokaci. Awoyin a gida suke salwanta, ana gwada jiƙo, ana zuwa kemis, ana jiran ranar kasuwa a sayar da akuya, sannan a bakin asibiti ana neman ɗan'uwan da jininsa zai dace.