Coge ne ko Tausayi? Idan Jagoran Wasa Ya Ɓoye Abin da Dayis Ya Nuna

Duk wanda ya taɓa buga lido a hostel ya san rigimar da ke tashi idan wani ya murza dayis don ya samu shida. To, akwai wasan da masu yinsa ke muhawara har yau ko irin wannan cogen ya dace.

Sunansa Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Kamar tatsuniya yake, sai dai kowa na da bakin magana. Abokai za su zagaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, jagoran wasa kuma ya ba da labari, ya riƙe dodanni da abokan gaba. Za ka kai sara? Sai ka jefa dayis mai fuska 20, lambar da ta fito ta yanke hukunci. Shi jagora yakan jefa nasa a bayan kwali, ba mai gani.

A nan gizo ke saƙar. A ce ka shafe zango guda kana renon jaruminka, sai wani ƙaramin ɓarawo ya kai masa suka, dayis ɗin jagora ya nuna 20. Sau ɗaya cikin 20 ake sa ran haka, amma ga shi ta faru, jarumi zai mutu. Jagora ya faɗi gaskiya, ko ya ce "ya kuskure ka"?

Masu goyon bayan ɓoyewa sun ce ai nishaɗi aka zo yi, me zai sa tsautsayi ya kashe labari mai daɗi? Ɗaya ɓangaren suka ce ina! Daɗin wasan shi ne faɗuwar gaba. Ranar da ka gano ana ceton ka a ɓoye, duk nasarorinka na baya sun zama kyauta. Kuma wa aka ceta, wa aka bari? Daga nan zargin son kai ke shigowa.

Ka ga ke nan, amana ce ake cacar ta. Mafita biyu ce. Ta farko, in jagora ba zai iya karɓar sakamako ba, kada ma ya jefa dayis; ya ce an kama jarumin ko an ji masa rauni, labari ya ci gaba. Ta biyu, a yi yarjejeniya tun zaman farko: za a riƙa sassautawa, ko kowa ya jefa a fili? Tun ran gini, ran zane. Abin da kowa ya yarda da shi ba coge ba ne.