Shirin Musamman: Kowane Maciji da Maganinsa

Yau shirin namu zai duba dalilin da ya sa allurar da ta ceci wanda maciji ya sara a Indiya za ta iya kasa ceton manomi a Kaltungo.

Dafin maciji haɗi ne na furotin iri-iri, kuma kowane jinsin maciji da nasa haɗin. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Na kasa yana kumbura gaɓa, ya ruɓar da nama. Wasu macizan kuwa jijiyoyi suke kamawa, numfashi ya tsaya.

Ita allurar, daga jinin doki ko tunkiya ake samo ta. Ana yi wa dabbar allurar dafi kaɗan-kaɗan, sai jikinta ya ƙera sinadaran garkuwa daidai da siffar furotin ɗin da ya shige shi. Kamar makulli ne da kwaɗo: wanda aka yanka wa wata ƙofa ba lallai ya buɗe ta maƙwabci ba.

A 1894 Albert Calmette, likita ɗan Faransa, ya haɗa maganin farko, yana zaton zai yi wa kowane dafi. Vital Brazil, na Cibiyar Butantan a ƙasar Brazil, shi ya nuna cewa kowane rukunin macizai sai da nasa.

An ga gaskiyar haka a wani asibitin karkara a Ghana. Da aka koma amfani da allurar da aka haɗa da dafin macizan Indiya, mace-macen waɗanda kububuwa ta sara suka tashi daga kusan kashi 2 cikin ɗari zuwa 12. Irin wannan bambancin dafi ne ya sa aka haɗa allurar EchiTAb-Plus a Kosta Rika da dafin kububuwa, kasa da kumurcin Najeriya.

Saboda haka, 'yan'uwa manoma da makiyaya, idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a garzaya asibiti. Masu sayo magani kuma su duba kwalba: da dafin waɗanne macizai aka haɗa shi? Rayuka ne a hannunsu.

Sai wani makon, mu kwana lafiya.