Mutumin da Ya Ga Zinariya Ya Rufe Ramin

Mai karatu, a ce an turo ka haƙa a wani tsohon kufai, kwana kaɗan da farawa sai ga duwatsun wuya na zinariya suna ƙyalli cikin ƙasa. Me za ka yi? Leonard Woolley, Baturen Ingila, a shekarar 1922 a kufan birnin Ur da ke kudancin Iraƙi, cewa ya yi a dakata.

Ur ɗaya ne daga biranen Sumer, irin su Uruk da Lagash, inda kowane birni ke da sarkinsa da abin bautarsa da ganuwarsa. Ƙasar ba dutse, ba katakon kirki, sai laka, don haka da tubali suka tayar da fadoji da hasumiya mai hawa-hawa da har yau take tsaye. Woolley ya lura leburorinsa sababbin hannu ne, gaggawa za ta lalata abin da ya shekara dubu huɗu da ɗoriya a kwance. Sai ya kai su wani wurin su koyi aiki. Shekara huɗu ya yi bai koma ramin ba. Kai za ka iya?

Kafin nan ma sai da ya yi wata dabara. Ya gane ana sulalewa da zinariyar zuwa wurin maƙeran gari, sai ya sa tukuici da ya ninka farashin maƙeran. Bayan hutun mako, ramin ya yi ta aman zinariya! Ashe leburorin ne suka koma suka sayo abin da suka sayar.

Da aka koma a 1926, sai ga kaburburan sarauta na wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa. Ga Sarauniya Puabi da adon kai na ganyen zinariya. Ga kan sa na zinariya a jikin abin kiɗa mai tsirkiya, gemunsa na shuɗin dutse da aka kawo tun daga Afghanistan. Wata rana Woolley ya ga wasu 'yan ramuka a ƙasa. Da wani ne, da ya sa diga ya wuce. Shi kuwa ya ce katako ne ya ruɓe ya bar gurbinsa. Ya dama filasta, irin ta ɗaurin karaya, ya tsiyaya ciki, ya jira ta bushe. Da aka share ƙasar, sai ga siffar abin kiɗan cif, har da alamar tsirkiyoyi. To, ina makaɗan?

Suna nan kusa. A wani rami guda an tarar da gawa 74, maza 6, mata 68, a jere cikin tsari, matan sun ci ado, ga ƙananan kofuna a tsakaninsu. A kusa da ƙugun wata aka tsinci zirin azurfa na ɗaure gashi, a naɗe, ba ta ɗaura ba. Woolley ya ce ƙila makara ta yi, ta cusa shi ta rugo. Daga kofunan ya gina labarinsa: fadawa da makaɗa sun shiga da ƙafarsu, sun sha guba, sun kwanta don raka ubangidansu. Labari ne mai daɗin ji, kuma duniya ta riƙe shi shekara tamanin. A ganina daɗin nasa ne ya hana a tuhume shi.

Sai masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka saka ƙoƙon kai biyu, na wata mace da na wani soja, a na'urar ɗaukar hoton ƙashi, suka fitar da sakamako a 2011. Babu maganar barci mai daɗi. A jikin ƙasusuwan akwai huji irin na makami mai tsini. Akwai kuma alamar an gasa gawarwakin don kada su ruɓe da wuri, sannan aka shirya su da adonsu.

Mutumin da ya iya karanta gurbin katako a cikin ƙasa, kofi ya ruɗe shi. Yanzu mai karatu, a ce kai ne makaɗin fadar Ur, ka wayi gari aka ce sarki ya rasu, ga dogarai a bakin ƙofa suna cewa ka ɗauko kayan kiɗanka. Za ka fito, ko katangar baya za ka haura?