Furfura ba ta hana shiga fili

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka yi gasar kokowar ƙasa ta farko a Tawa, kuma ɗan Maradi ne, Yakuba Kantu, ya koma gida da takobi. Har yau da sunansa ake kiran filin kokowar Maradi. Tun daga nan gasar ta zama bikin Nijar duka: jahohi takwas, kowace da ƙarti goma, a yi kwanaki ana gumurzu har a bar mutum ɗaya tsaye. Umaru Bindigau ya sake kawo wa Maradi takobin daga baya, Isaka Isaka na Doso kuwa sau shida yana ɗauka, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023.

Amma ina ƙato yake zuwa idan makaɗa suka daina kiran sunansa? Wasu kan koma horar da yara. Da yawa kuwa sai noma ko kasuwa, cin tuwon yana nan yadda yake, gudun asuba ya tafi. Gasar takobi ba ta da rukunin dattawa, don haka wanda ya haura arba'in sai ya sami wuri cikin 'yan kallo.

A waje an daɗe da gyara wannan. Hukumar kokowa ta duniya tana shirya gasar tsofaffin 'yan wasa daga shekara 35, haka ma masu guje-guje, inda ake raba mutane rukuni-rukuni da tazarar shekara biyar-biyar don kowa ya kara da tsaransa. Fauja Singh, manomi daga Punjab ta Indiya da ya koma Ingila, bai fara gudun yada-ƙanin-wani ba sai yana da shekara 89, bayan rasuwar matarsa da ɗansa. A 2011 ya kammala kilomita 42 a Toronto, shekarunsa ɗari. Masu littafin Guinness sun ƙi rubuta shi saboda ba shi da takardar haihuwa, matsalar da tsofaffinmu na karkara suka san ta sarai.

Labarin George Foreman ya fi kusa da ƙartinmu. Ɗan damben Amurka ne da ya aje safa a 1977 ya zama mai wa'azi a coci a Houston, ya buɗe wurin horar da matasan unguwa don ya raba su da yawon banza. Da kuɗin tafiyar da wurin suka yi ƙasa, sai ya koma dambe a 1987, da teɓarsa, ana ta yi masa dariya. A 1994, yana da shekara 45, ya kayar da Michael Moorer ya karɓi kambin duniya. Ba kambin ne ya fito da shi ba tun farko, yaran ne.

Musulmin Maradi ba ya buƙatar zuwa Houston neman hujja. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokowa da Rukana ya kayar da shi, ya kuma yi tsere da Nana A'isha sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta bayan shekaru. A Sahih Muslim an fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, tare da cewa kowannensu da alherinsa. Inda malamai suke ja da baya shi ne layu da guraye da rubutun da ƙarti ke sheƙawa a jiki kafin karawa, da caca a bakin fili, da barin salla ta wuce ana kallo. A nan aikin mai horo yake. Tsohon ƙaton da ya sha ƙasa ya kuma shayar, idan ya ce wa yaro atisaye ne ke kayarwa ba guru ba, za a fi jin maganarsa fiye da ta wanda bai taɓa ɗaura walki ba.

Likitoci ma da tasu. Daga shekara 30 naman jiki kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari kowace shekara goma, kuma abin yana ƙara sauri bayan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ya kuma yi aikin ƙarfi kwana biyu. Manomin Jiratawa da ke ban-ruwa a fadama, yana yankan zogale yana ɗora buhu a amalanke, ya wuce wannan ma'auni ba tare da ya taɓa jin labarinsa ba. Wanda abin ya shafa shi ne alhajin babbar kasuwa da ma'aikacin ofis: daga shago zuwa babur, daga babur zuwa tabarma, da shayi mai sukari zagaye uku. Nan hawan jini da ciwon sukari suke samun masauki.

Ba cewa ake ɗan shekara 55 ya tuɓe ya rungumi ɗan 25 ba, wannan neman karaya ne. A fara da awon jini a likita, a bi da tafiya mai sauri bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, sannu a hankali a ƙara. Idan ƙafa ta saba, hanyar Tibiri tana nan ga mai son gwada kansa.

Saura wurin gwadawa. Maradi tana da fili, tana da tsofaffin ƙarti, tana da 'yan kasuwar da ke zuba kyauta duk lokacin takobi. Shugabannin kokowar jaha su ware rana guda a shekara, bayan kaka, a raba dattawa bisa shekaru, a sa likita a bakin fili, a bar tsofaffin ƙarti su yi horo da alƙalanci a biya su haƙƙinsu.